Wata a Tafin Hannun Iya

Saura ƙiris Mahfuza ta fasa rubuta wannan labari. Sau biyu tana yage takardar tana cusawa a murhu, don ita ba gwanar magana ba ce, karatunta kuma bai wuce firamare ba. Abin da ya sa ta sake ɗaukar biro shi ne, har yau a ƙauyukan da ke kewaye da Zakka akwai masu cewa kan Iya Kande ya taɓu a daminar nan, alhali kan tsohuwa lafiyarsa ƙalau.

Iya Kande kakarta ce ta wajen uba, ita ta riƙe ta tun daga yaye. Tun kafin a haifi Mahfuza, duk tsayuwar wata mutane kan zo gaida Iya, in an gama gaisuwa su tambaye ta ko su fitar da hatsi kasuwa ko su ƙara riƙewa. Wajen mahaifinta Iya ta gaji abin, tun zamanin da gidansu ba a fara salla ba. Akwai ranar da liman ya yi mata magana a kai, ta ce masa, "Malam, ni ba duba nake ba. Kai ma in ka ga hadari ya haɗo ai cewa kake a kwashe shanya. Allah ke yi, wata alama ce kawai." Liman bai sake tayar da zancen ba. Matarsa ma takan shigo da yamma wai aron rariya, ta fita ba rariyar.

Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe wa Iya gani, daga nan Mahfuza ta zama idonta. A bayan gari ta yamma akwai wani falalen dutse, daga kansa ne kawai ake hango jinjirin wata a ranar farko, musamman da damina in dawa ta fi mutum tsawo. Can Mahfuza take hawa gab da magariba, ta ƙare wa watan kallo, ta dawo gida ta durƙusa. Iya sai ta buɗe tafin hannunta na hagu, Mahfuza ta zana mata watan da ɗan yatsa: yadda ya lanƙwasa, wane ƙaho ne ya fi ɗagawa, ta ɗiga mata inda tauraro yake in akwai. Iya ta dunƙule hannun kamar ta riƙe ɗan tsako, sannan ta faɗi abin da za ta faɗa.

Ba ta taɓa bayyana wa kowa yadda take karanta shi ba. Amma yau da gobe Mahfuza ta lura da abu guda. In watan ya zauna daram kamar ƙoƙon da aka ajiye a ƙasa, Iya kan ce a riƙe, kaya za su hau. In ya karkata kamar zai zubar da abin da ke cikinsa, sai ta ce a fitar kafin ya cika.

Danga ɗaya ce ta raba gidansu da na Inna Godiya, matar marigayi Yohanna. Dangi ne, don mahaifin Yohanna da mijin Iya wa da ƙane ne, ɗaya ya nufi masallaci ɗaya ya nufi majami'a, tuwon salla da na Kirsimeti kuwa ba su daina tsallake dangar ba. Bara ɓarayin daji suka kore wa Godiya shanun huɗarta guda biyu, ɗaya ya tsinke igiya ya dawo da ƙafarsa. To sa ɗaya ba ya jan garma. Haka ta yi daminar nan da fartanya, ita da 'ya'yanta mata, har bayanta ya fara ranƙwafawa. Ta danne buhu biyar na dawar bara, ta hana kanta ta hana yara, don wani mutumin Karare mai suna Salmanu yana da horarren sa, fari mai baƙin kunne, ya kuma yarda ya jira ta ɗan lokaci. In ta sayar a yadda kasuwa take a makon nan, dawar za ta kai kuɗin san, amma da ƙyar, ko na gyaran garma ba zai ragu ba. Shi ya sa take jiran watan Maulidi ya tsaya ta ji ta bakin Iya.

Ranar Litinin aka sa ran watan. Mahfuza ta zura hijabinta ta bi hanyar cikin dawa. Tun daga nesa ta hangi babura a gindin dutsen. Ashe a makon nan 'yan sa-kai suka mayar da zamansu kan dutsen, don daga can ana ganin hanyar da ta fito daga daji. Sun kai su bakwai, sun baje, bindigogi a kan cinya, ana ta hira. Cikinsu akwai Armaya'u, wanda duk Zakka an san bakinsa ba ya zama rufe.

"A'a, jama'a, ku gyara zama, ga tuwonmu nan ya iso!" in ji shi.

"Ina tuwon? Hannunta biyu," wani ya ce.

"To halan ni ta zo gani. Hawo mana, ɗiyar Iya, dutsen ba na ubanmu ba ne."

Suka fashe da dariya. Ba wata muguwar dariya ba ce, amma Mahfuza ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita da ko a gida in baƙo namiji ya yi sallama ɗaki take faɗawa, yaya za ta ratsa ta tsakiyar maza bakwai, ta tsaya a kansu ta ɗaga kai sama? Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta karkata ta wata hanya kamar dama can aka aike ta.

A cikin dawa ta tsaya. Ta yi ɗage, ta ture kara, ta leƙa ta nan ta leƙa ta can. Ba abin da take gani sai ganye da jan sama. Ta ce bari ta jira, wataƙila su sauka salla. Aka kira salla, suka yi tasu a kan dutsen bi da bi. Ta ji ɗaya yana cewa, "Ga shi can, ga shi can, Allah ya sa mu ga ƙarshensa lafiya." Kafin ta yanke shawarar komawa, jan saman ya dushe, watan ya faɗa.

Da ta shiga gida ta tarar da Inna Godiya zaune a gefen tabarmar Iya, ta kawo ɗan goro a ƙulle.

"Yauwa, ga idon namu nan," in ji Godiya. "Kin gan shi?"

Kalma uku ce kawai za ta faɗa. Ban gani ba. Amma sai an tambaye ta dalili, sai ta ambaci maza, sai Godiya ta yi dariya ta ce yaushe za ki girma. Iya kuma ta riga ta buɗe hannu tana jira.

"Na gan shi," Mahfuza ta ce.

Ta durƙusa ta zana na watan jiya, wanda ta fi tunawa, ƙoƙo a zaune daram. Iya ta dunƙule hannun, ta daɗe fiye da yadda ta saba.

"Haka yake, ƙawata?"

"Haka yake, Iya."

"Tauraron fa?"

Mahfuza ta ɗiga yatsa inda ya faɗa.

Iya ta nisa. "Godiya, riƙe dawarki. Ki bari sai wata ya cika."

Godiya ta tafa hannu. "Ni ma jikina ya ba ni! Allah ya bar mana ke, Iya."

Washegari da magariba watan ya ɗan ɗaga sama, ana ganinsa daga tsakar gida ta saman dalbejiya. Mahfuza tana kwashe tuwo ta ɗaga kai, sai mara ta suɓuce mata. A karkace yake, ƙaho ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko ɗigon ruwa ba zai zauna a cikinsa ba. Iya takan ce watan kwana biyu ya riga ya wanke fuska, ba a karanta shi. Mahfuza ta riƙe wannan maganar, amma ta san shekara uku tana kallon wata, bai taɓa kwana a zaune ya tashi a kife ba.

Kasuwar Batsari Alhamis ce, saboda haka akwai sauran Laraba. Da hantsi ta zagaya gidan Godiya, ta shirya maganar tun daga ƙofa. Ta same ta tana gasa sabuwar masara a bakin murhu.

"Shigo, ɗiyata. Kin zo a sa'a." Ta zaɓi wadda ta fi girma ta miƙa mata. "Kin san jiya har mafarkin san nan na yi? Wai ina ba shi dusa yana lasar hannuna. In Allah ya yarda baɗi ke ma gonar Iya kyauta za mu yi muku huɗa. Da ba don ke ba ai da tsohuwa ta zama kututture."

"Inna," in ji Mahfuza.

"Na'am?"

Mahfuza ta sunkuyar da kai. Masarar tana ƙona mata hannu.

"Iya ce ta ce in gaishe ki."

Ranar Alhamis da sassafe a-kori-kura ta tsaya a bakin hanya tana oda. Ta cikin danga Mahfuza ta ji direban yana ƙwala kira, "Gwaggo, ina buhunan? Dillalai sun zo daga nesa yau, kasuwa za ta yi daɗi!" Ta ji Godiya ta amsa, "Yi tafiyarka, sai wata ya cika." Motar ta tashi. Mahfuza tana tsugune gaban wanke-wanke, ta wanke kwano ɗaya har sau uku.

Ranar Juma'a Baba Sharfaddeen ya zo daga Safana. Shi ne autan Iya, yana da shagon cajin waya a can. Ya zauna ya ci ɗumame, sannan ya zaro wayarsa.

"Iya, ashe ba ke kaɗai ba ce. Wallahi har Turawa akwai masu irin aikinki. Duba nan."

"Kai da ka san ba na gani, mi zan duba?"

"To ke Mahfuza, zo ki gane mata."

A fuskar wayar akwai wasu sanduna jajaye da koraye, suna hawa suna sauka kamar tudu da gangare, a samansu an jera hotunan wata, wani siriri wani cikakke.

"Wannan kasuwar hannun jari ce," in ji shi, "inda ake sayen kamfanoni kamar yadda kuke sayen awaki. Shi mutumin nan cewa yake in wata ya tsaya kaya su hau, in ya cika su sauko. Dubban mutane ke bin maganarsa."

"Yana hawa dutse?" Iya ta tambaya.

Sharfaddeen ya ƙyalƙyale. "Wane dutse, Iya? Yana cikin ɗakinsa da fanka."

"To maƙaryaci ne. Wanda bai ga wata da idonsa ba, mi ya sani da zai faɗa wa mutane?"

Mahfuza ta miƙa masa wayar, ta ce tukunya tana ƙonewa. Ba komai a kan murhun.

Alhamis ta gaba waɗanda suka dawo daga Batsari suka ce kuɗin tiyar dawa ya ɗan sauko. Godiya ta ce ai haka kasuwa take yi kafin ta zabura. Aka yi Maulidi, wata ya cika fal. A makon ne sabon gero ya fara shiga kasuwa, ya riga lokacinsa don ruwa ya yi kyau, aka kuma ce manyan motoci sun sauke masara daga wani wuri. Ranar Alhamis Godiya ta loda buhunanta ta tafi Batsari.

Ranar ce Mahfuza ta haɗu da Armaya'u a bakin famfo, ya zo wanke babur.

"Mai gudun dutse! Ranar nan mi muka yi miki kika juya? Wallahi kin yi asarar kallo. Watan ya fito a karkace kamar hular ango."

Ta waiga, ba kowa kusa. Ta ɗauki jarkarta ko rabi ba ta yi ba, ta wuce. Tana jinsa yana cewa, "Ikon Allah, ni dodo ne?"

Da la'asar sakaliya Godiya ta dawo. Ba ta wuce gida ba, sai da ta shigo ta gaida Iya, ƙafafunta duk laka. Aka yi sannu da hanya, aka tambayi kasuwa.

"Kasuwa sai godiya. Buhu biyar ɗin nan, Iya, abin da aka taya ko na uku a wancan makon bai kai ba. Na sayar da biyu na dawo da sauran, mu ci abinmu."

"San fa?"

"Na ga Salmanu. Ya ce ya jira iya jira. Wani mutumin Runka ya ja shi, a gabana aka ɗaura masa igiya." Ta yi 'yar dariya. "Allah bai yi nawa ba ne."

Da faɗa ta yi, da zagi ta yi, da Mahfuza ta fi samun sauƙi. Amma sai ta kwance bakin zane ta ajiye wa Iya ƙosan da ta sayo mata, ta tashi tana dafa baya.

Magana ba ta kwana ba. A wurin injin niƙan Sahabi, inda matan gari ke haɗuwa kowace safiya, Mahfuza tana cikin layi da kwanonta ta ji ana yi. Saboda ƙarar injin, kowa sai ya ɗaga murya.

"Ido ya tafi, kai ya bi shi!"

"Tsufa ai ba ƙarya ba ne. Mu ma Allah ya taimake mu maigidan bai saurare ta ba."

"An ce har sunan jikokinta rikita mata yake."

Godiya ce ta juyo ta ce, "Ku bar tsohuwa ta huta. Ita ta halicci kasuwa?" Aka ci gaba ƙasa-ƙasa. Ba wadda ta ko kalli Mahfuza. Wa zai zargi yarinyar da ko ɗan yatsa aka sa mata a baki ba za ta ciza ba? An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma ita ta ɗebo ta zuba a bakin tsohuwa.

Da Baba Sharfaddeen ya sake zuwa, ya zauna kusa da uwarsa ya sassauta murya. "Iya, don Allah ki huta haka nan. Ana ta magana har Safana. Ina ruwan wata da dawa? Motoci ne da sabon gero suka karya kasuwa. Shi ma Baturen nan, waɗanda suka bi shi a watan nan kuka suke."

"Mi ake cewa?" in ji Iya.

Ya yi ta kwana-kwana, ta matsa masa, ya faɗa mata.

Mahfuza ta kama maganarsa ta farko ta rungume. In dai wata ba ruwansa da dawa, to ko ta hau dutsen ko ba ta hau ba duk ɗaya ne. Kwana biyu ta yi tana cin abinci da wannan tunanin. A rana ta uku ya warware mata da kansa, tana cikin shara. Ko wata ya san kasuwa ko bai sani ba, da ta zana abin da ke sama, da Iya ta ce a fitar, da Godiya ta shiga a-kori-kurar nan, da yanzu farin sa yana ɗaure a bayan danga yana tuƙa.

Iya ta daina fitowa gindin dalbejiya. Masu zuwa gaisuwa suka ragu, waɗanda suka zo ɗin ma ba sa tambayar komai. Wata safiya bayan sallar asuba, Mahfuza tana hura wuta ta ji murya ƙasa-ƙasa daga ɗaki. Ta matsa bakin ƙofa. Iya ce ke jero sunaye, 'ya'yanta daga na fari har auta, da waɗanda suka rasu, sannan jikoki gida-gida. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Ban tsallake kowa ba," ta sake farowa. Gwada kanta take yi. Mahfuza ta koma murhu, ta bar hayaƙi ya ɗauki laifin idonta.

Ranar da aka sa ran sabon wata, Iya ta ce tun da rana, "Kar ki wahal da ƙafarki, ƙawata. Na daina."

Mahfuza ta ci gaba da aikinta. Gab da magariba ta zura hijabi ta fita. Baburan suna nan a gindin dutse. Ta kafa ƙafa ta hau.

"Sannunku da aiki," ta ce.

Armaya'u ya buɗe baki, wani dattijo a cikinsu ya riga shi. "Ku matsa mata, aiken tsohuwa ne." Suka matsa. Shi ke nan. Ba wanda ya sake ce mata uffan, suka koma hirarsu ta tsadar mai. Ta tsaya a tsakiyarsu tana kallon yamma, hawaye suna zubo mata, don ashe abin bai wuce haka ba.

Da ta ga watan ta koma gida, ta sami Iya a kan buzu, ta idar da salla tana jan carbi. Ta durƙusa ta kamo hannun hagun.

"Na ce miki na daina."

Ta buɗe yatsun a hankali, Iya ba ta hana ba. Ta zana. "Wannan na yau ne." Ta sa bakin hijabinta ta goge tafin kamar akwai abin gogewa, ta sake zana wani, a karkace, ƙaho ɗaya sama ɗaya ƙasa. "Wannan na watan Maulidi ne. Haka na gan shi washegari daga tsakar gida. Ranar farko ban hau dutsen ba, Iya. Maza na tarar a kai, na ji kunya na juyo. Na watan da ya wuce na zana miki."

Iya ba ta dunƙule hannun ba. Ta bar shi a buɗe a kan gwiwarta. Can waje akuya tana kuka, wani yaro yana kiran uwarsa.

"Wata guda," in ji ta. "Kina kawo mini ruwa, kina kawo mini tuwo, kina jina ina ƙirga matattuna."

"Ki yafe mini, Iya."

"Ashe kaina lafiya."

"Lafiyarsa ƙalau."

Tsohuwa ta gyara zama. Da ta yi magana, muryarta ba faɗa a ciki, kuma ba lallashi.

"Yatsanki bai taɓa sauri irin na ranar nan ba. Na ji. Tauraron ma inda kika sa shi ba ya zama a wurin. Amma Godiya tana zaune da goronta, ban so in ce mata ban sani ba. Tun da idon nan ya tafi, abin da ya rage mini ke nan." Ta janye hannunta. "Wannan tsakanina da Allah ne. Ke kuma ba ni kika raba da san huɗa ba."

Tuwon daren ya kwana a rufe.

Washegari Mahfuza ta gama shara, ta dama wa Iya koko, ta fita ba kwano a hannunta. Wurin injin ya cika kamar kullum, mata sun jera kwanuka, Godiya tana gaba ana niƙa mata, dawar nan ce da ta dawo da ita daga Batsari. Mahfuza ta tsaya a gefe ta yi magana, ba wadda ta ji. Ta sake yi, ƙarar injin ta haɗiye. Sai ta ratsa layin ta isa wurin Sahabi, ta yi masa nuni da hannu.

"Mi?" ya ƙwala, fuskarsa fari fat da gari.

"Don Allah ka kashe."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta, ya kai hannu ya kashe. Injin ya yi tari ya mutu. Duk idanu suka dawo kanta.

Ta faɗa. Ba ta iya ɗaga kai ba, yatsun ƙafarta take kallo, amma ta faɗa duka, da dutsen, da mazan, da zanen ƙaryar, da watan da ta gani washegari. Ta ce kan Iya lafiyarsa ƙalau, abin da aka sa mata a hannu shi ta karanta. Wata ta ja salati. Wata ta ce, "Oh ni, shiru-shiru ashe ba tsoro ba ne."

Godiya ta kakkaɓe bakin injin, ta tattara garinta a kwano, ta rufe da faifai.

"Ranar Laraba," ta ce, "da kika shigo ina gasa masara. Abin da ya kawo ki ke nan?"

"Shi ne, Inna."

"Kika ci masarar kika tafi."

"Ban iya ci ba."

"Da kin ci, da kin faɗa, da ya fi mini."

Ta sunkuya za ta ɗauki kwanon, hannu ɗaya a ƙugu saboda bayan. Mahfuza ta riga ta, ta ɗora a kanta. Godiya ta dube ta, ba ta ce ajiye ba, ba ta ce taho ba, ta juya ta kama hanya. Mahfuza ta bi ta a baya. Sun kai kwanar masallaci kafin Sahabi ya sake tayar da injin.